Ƙyastun harsashi: tambayoyin da ake yawan yi mini da amsoshinsu

Tun ranar da bakina ya suɓuce a majalisarmu ta bayan la'asar na ce ina da aboki a jihar Tekzas ta Amurka da ke ɗura harsashinsa da hannunsa, wato ya sake cika kwanson da aka riga aka harba, ban sake samun sakat ba. Wannan ya tare ni a ƙofar masallaci, wancan ya turo saƙon WhatsApp da tsakar dare. Yawancinsu bidiyo suka gani a YouTube: Bature zaune a garejinsa, ga kwanso jere a faranti, ga ma'auni, yana ta surutu kan wani ɗan ƙaramin abu da ake cusawa a gindin harsashi. Turawa suna ce masa faraima. Ni ƙyastu nake kiransa, don aikin ƙyastun kakanninmu yake yi, a buga wuta ta tashi.

Ni dai ban taɓa ɗura harsashi ba, kuma dokar ƙasarmu ba ta ba ni wannan damar ba. Abin da na sani daga karatu ne, da hira da wancan aboki, da zaman da na yi ina yaro a gindin kawuna, maharbi ne, Allah ya jiƙansa. Na tara tambayoyin a nan don duk wanda ya sake tare ni in ce masa ya je ya karanta.

Malam, wai shi ƙyastun nan mene ne, kuma ina yake a jikin harsashi?

Abu huɗu ne suka haɗu suka zama harsashi: kwanso, albarushi, kan da ke fita ya tafi, sai ƙyastu. Juya harsashi ka dubi gindinsa, za ka ga ɗan da'ira a tsakiya kamar maɓallin riga. Shi ke nan.

Ɗan ƙoƙo ne na tagulla, a cikinsa akwai ɗigon wani sinadari mai saurin fushi, wanda duka kaɗai ke tayar da shi. A kan sinadarin akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙafafu wanda Turawa suka raɗa wa sunan uwar maƙera, kuma sunan ya dace. Idan aka ja kunama, allurar bindiga ta daki bayan ƙoƙon, sinadarin ya matsu tsakanin ƙoƙo da uwar maƙera kamar ƙarfe tsakanin guduma da maƙera, sai ya yi tartsatsi. Wutar ta bi ta wata 'yar huda ta shiga cikin kwanso ta kama albarushi. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Albarushin zamani ba ya kamawa da duka, sai an kai masa wuta, shi ya sa in ƙyastu ya ƙi, harsashin ya zama dutse a aljihu.

Me ake nufi da ƙarami na raifil? Ashe kala-kala ne?

Kala-kala ne. Na harsashin da ake sake ɗurawa ya kasu huɗu a taƙaice: ƙarami na raifil (doguwar bindiga), babba na raifil, ƙarami na fistol (ƙaramar bindigar hannu), babba na fistol. Ƙananan faɗinsu inci 0.175, wato kusan milimita 4.4. Manyan kuwa inci 0.210, kusan milimita 5.3. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu, wadda mafarautanmu masu lasisi suka fi sani, nata daban ne gaba ɗaya, ana kiransa 209, kuma ya fi waɗannan girma.

Kwanso ne ke faɗin wanda zai shige shi, domin gurbin da aka yi masa a gindi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Harsasai irin su .223 Remington, da .22 Hornet, da .204 Ruger, da 6mm BR duk ƙarami na raifil suke ɗauka. Su .308 Winchester da .30-06 babba suke ɗauka. Akwai kuma masu ruɗa mutum, kamar 6.5 Creedmoor, wanda wasu kamfanoni ke yin kwansonsa da babban gurbi, wasu kamar Lapua su yi da ƙarami. Don haka masu wannan harka ba sa dogara da sunan harsashi kawai, sai sun juya kwanson sun duba.

Tunda na fistol da na raifil faɗinsu ɗaya, me zai hana a yi musanya?

Wannan tambayar ta fito daga bakin wani makaniki ne, kuma na gane dalili, shi a wajensa in noti ya shiga ya ɗauru, magana ta ƙare. To a nan shiga ba ita ce magana ba. Ƙaramin na fistol zai zauna daram a gurbin na raifil, amma ƙoƙonsa ya fi siranta, an yi shi ne don matsin da bai kai na raifil ba.

Bari in kwatanta da abin da muka sani. Mai faci a bakin titin Zariya yana ba tayar mota iska 35, in ya ƙware da son kai wa maƙura ya kai 45. Da wannan ma'aunin dai, matsin da ke cikin kwanson .223 Remington a lokacin harbi yana iya kaiwa 55,000. Wannan shi ne iyakar da SAAMI ta gindaya, wato ƙungiyar masu ƙera makamai da harsasai ta Amurka, wadda aka kafa a 1926. Matsin nan ba gaba kawai yake turawa ba, yana dannawa baya ma, kuma abin da ke tsare ƙofar baya shi ne ɗan ƙoƙon nan. In ya yi siranta sai ya huje, iska mai zafi ta feso ta wajen allura, ta ci fuskar ƙarfen bindiga, wani lokaci har ta kai idon mai harbi. Shi ya sa ba ka ganin mai hankali yana harbi ba tabarau.

To su da doka ta yarje musu, yaya suke zaɓa tsakanin ƙananan na raifil ɗin?

A nan ne hirar take da daɗi. Wata rana abokin nan nawa ya kira ni ta bidiyo, nan Kano mun idar da isha'i, can kuwa rana tsaka. Ya ɗora wayar a kan teburin aikinsa, ya jawo 'yan akwatuna huɗu na kwali, kowanne da farantin roba a ciki mai ramuka ɗari, kowane ƙyastu a raminsa shi kaɗai. Na ce masa, "Alhaji, ai duk ɗaya ne waɗannan." Ya yi dariya ya ce, "Haka na ce ni ma, har ranar da ɗaya ya huje mini." Ya ɗauko wani kwanso da ya ajiye a gwangwani don tunawa, ya matso da shi gaban kyamara. A tsakiyar ƙyastun akwai baƙar huda kamar an soka allura mai zafi, gefenta duk toka.

Abin da ya koya daga nan, kuma shi ne abin da masana harkar ke faɗa, shi ne tambaya uku ake yi kafin a sayi ƙyastu.

Ta farko, wane irin matsi harsashin yake da shi? Kamfanin Remington yana da ƙanana biyu na raifil, 6½ da 7½. Na farkon an yi shi ne don masu sauƙin matsi irin .22 Hornet, kuma kamfanin da kansa yana gargaɗin kada a sa shi a .223 Remington da ire-irensa. Na biyun shi ne mai kaurin ƙoƙo. Haka a wajen kamfanin CCI, lamba 400 ita ce ta yau da kullum, su 450 da BR-4 kuma sun fi ta kauri. Masu aunawa suna sa sirara a wajen inci 0.020, masu kauri a wajen 0.025. Bambancin bai wuce kaurin takarda ba, amma a kansa ake rigima.

Ta biyu, wane irin albarushi ne? Akwai mai siffar 'yan sanduna, akwai mai siffar ƙwallo kamar ƙwayar gero. Mai ƙwallon ya fi taurin kai wajen kamawa, yana son wuta mai ƙarfi.

Ta uku, wace irin bindiga ce? Zan zo kan wannan a ƙasa.

Sai dai duk wannan lissafin yana bayan abu guda. Kamfanonin albarushi da na harsashi, irin su Hodgdon da Hornady, suna gwada kowane haɗi a ɗakin gwaji da na'urar auna matsi, su buga sakamakon, kuma a jikin kowane awo suna rubuta ƙyastun da suka yi gwajin da shi. Mai hankali da wannan yake farawa. In ya canza ƙyastu, ko da daga Winchester WSR zuwa Federal 205 ne, waɗanda duk na yau da kullum ne, sai ya ɗauka sabon haɗi ne, ya koma kan ƙaramin awon albarushi ya fara gwaji daga farko. Abokina ya ce abin da ya fi ba shi mamaki da ya shiga harkar shi ne yawan rubutu: kowane akwati da takardarsa, kwanan wata, lambar ƙyastu, lambar albarushi. Ya ce ya fi kama da aikin mai haɗa magani a kemis fiye da aikin jarumi a fim. Wannan ɓangaren ne ba ya fitowa a bidiyon da samarinmu ke kallo, don ba shi da armashi.

Wanda aka rubuta wa magnum, ya fi kisa ke nan?

A'a. Kalmar tana nufin wutarsa ta fi zafi kuma ta fi daɗewa, ba wani abu ba. Ana neman sa ne don albarushi mai taurin kamawa, ko don harbi a sanyin da ke daskarar da ruwa, irin na Kanada da arewacin Amurka. Hunturunmu da muke ƙudundune da bargo muna kuka da shi, a wajen albarushi ko a jikinsa. Kuma in aka sa magnum inda ba a buƙata, yana iya ƙara matsi ya kuma ɓata saiti.

Masu alamar gasa, irin su BR-4 da 205M, sun cancanci tsadarsu?

Ga mai gasar harbi daga kan teburi, wanda ke son harsashi biyar su bi ta huda ɗaya, eh. Abin da ake saya a nan shi ne daidaito, kowane ƙyastu ya ba da wuta irin ta ɗan'uwansa. Ga maharbin barewa kuwa, barewar ba za ta san bambanci ba.

Ka ce irin bindiga ma tana da tasiri. Ta yaya?

Wasu bindigogi masu ɗura kansu, kamar AR-15 da Amurkawa ke yawan mallaka, allurarsu ba ta da sifirin da ke riƙe ta baya, sakaka take. Duk lokacin da bindigar ta tura sabon harsashi ciki, allurar tana ɗan taɓa ƙyastun, har ta bar masa ɗan tabo. In ƙyastun mai saurin kamawa ne, ko bai zauna sosai a gurbinsa ba ya ɗan turo kai waje, wannan 'yar taɓawar tana iya tayar da harsashin ba tare da kowa ya ja kunama ba. Saboda haka CCI ke yin lamba 41, wadda aka yi bisa ƙa'idar soja don harsashin 5.56, ba ta tashi da ƙaramar taɓawa.

A ɗaya gefen kuma, tsohuwar bindiga mai raunin sifirin tana iya kasa tayar da mai kaurin ƙoƙo. Ka ga ke nan ba a cewa wannan ƙyastu ya fi wancan a ko'ina. Kowane allazi da nasa amanu.

Yallabai, mu bar zancen Amurka. Ni da nake Kano, zan iya wannan sana'a ko a matsayin sha'awa?

Ba za ka iya ba, kuma gara ka ji daga bakina kafin ka ji daga bakin mai gabatar da ƙara.

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su bindiga mai sarrafa kanta, da raifil na soja, da fistol, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne bindigogin farauta da na wasanni, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka da danginta, waɗannan suna ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha, mu namu yana Bompai. Riƙe harsashi ma yana rataye ne da lasisin bindigar da ke cin sa. Dokar ta kuma hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce.

Inda ya shafi tambayarka kai tsaye shi ne, dokar ta hana kowa ƙerawa ko harhaɗawa ko gyara bindiga ko harsashi, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa don sojoji, in ban da 'yan izinin da Sufeto Janar ke iya bayarwa kan gyara da kan bindigogin gargajiya. Cusa ƙyastu a kwanso da zuba albarushi harhaɗa harsashi ne, ko guda ɗaya ka yi. Hukuncin yana farawa ne daga ɗaurin shekara 10. Ƙera harsashi a ƙasar nan aikin DICON ne, masana'antar makamai ta gwamnati da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, da kamfanonin da gwamnati ta ba izini.

Kuma iskar da ke kaɗawa ba ta sassauci ba ce. A 2021 aka kafa cibiyar ƙasa ta daƙile yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, a 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Duk wanda ya san abin da ke faruwa a dazukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari ya san dalili. Ɗan bindiga ba ya rasa bindiga, harsashi ne ke ƙare masa, shi ya sa jami'an tsaro suka fi zafi a kan duk abin da ya shafi harsashi. Ni a ganina suna da gaskiya a nan. Abokina na Tekzas yana yin abinsa a garin da doka ta san da shi, akwai filin harbi, akwai littafin awo, akwai kantin da ke tambayar shekarunsa. Mu ba mu da ko ɗaya daga ciki.

Yayana zai dawo daga waje, ba zai iya sako mini kwali ɗaya a jaka ba?

Ko a can ba za su bar shi ya hau jirgi da shi ba, domin ƙyastu da albarushi haramun ne a jakar fasinja, ta hannu da ta kaya. In kuma ya tsallake can, kwastan na jiransa a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ka bar shi ya kawo maka turare.

Na ji ana cewa Boksa da Bardan. Su kuma su wane ne?

Mutane ne, kuma labarinsu yana da ban dariya. A 1866 wani hafsan sojan Ingila, Edward Boxer, da ke aiki a masana'antar makamai ta Wulwic, ya fito da ƙyastu mai ɗauke da uwar maƙerarsa a cikinsa, kwanson kuma huda ɗaya a tsakiya. A wannan shekarar dai wani Ba'amurke, Hiram Berdan, ya fito da nasa, inda uwar maƙerar take jikin kwanso, da 'yan hudoji ƙanana, galibi biyu, a gefe. Sai abin ya juye: Amurka ta rungumi na Baturen Ingila, Turai kuma ta daɗe tana amfani da na Ba'amurken.

Na Boksa shi ne masu sake ɗuri ke so, don huda ɗaya a tsakiya tana sa cire tsohon ƙyastu ya zo da sauƙi. Duk lambobin ƙyastun raifil da na ambata a sama na Boksa ne. Harsasan soja na Rasha da Sin, musamman masu kwanson ƙarfe, yawanci Bardan ne, an yi su a harba a yar.

Bindigar toka ta mafarautanmu da ta 'yan bindigar Sarki fa, tana da ƙyastu?

Tana da kakansa. Tsofaffin bindigogi na dā a ƙasar Hausa da ƙanƙara suke tashi, dutse ya daki ƙarfe ya yi tartsatsi a kan ɗan albarushi. Wannan ƙyastu ne na zahiri, ba kwatance ba. Matsalarsa ita ce damina, da kuma jinkirin da ke tsakanin walƙiya da harbi, wanda ke ba tsuntsu damar tashi. Wani limamin coci a Sukotlan, Alexander Forsyth, mai son harbin agwagin ruwa, wannan jinkirin ne ya dame shi, har ya ƙirƙiro hanyar tayar da albarushi da sinadarin da duka ke kunnawa, ya yi mata rajista a 1807. Daga nan aka samu 'yar hular tagulla da ake kifawa a kan wani ɗan nono a gindin bututu. Ƙyastun yau wannan hular ce aka ɗauke aka mayar cikin kwanso. Dokarmu ta 1959 ma ta lissafa su daban-daban, mai ƙanƙara da mai hula.

Ta kawuna mai hula ce. Ina iya tuna gwangwanin man zafi da yake ajiye hulunan a ciki, ya shimfiɗa auduga a ƙasa ya rufe da auduga a sama, gwangwanin kuma yana cikin wata 'yar jakar fata da ba ta haɗuwa da ƙahon albarushi ko kusa. Hula ita ce abu na ƙarshe da yake sawa, sai ya shiga daji ya ga sawu, kuma ita ce ta farko da yake cirewa kafin ya doshi gida. Wata rana na miƙa hannu zan taɓa gwangwanin, ya buge hannun ya ce, "Kai yaro, albarushi yana jiran wuta, wannan kuwa ba ya jiran kowa." Bai taɓa jin sunan SAAMI ba, amma ƙa'idar da yake bi ita ce dai wadda abokina ke bi a garejinsa.

Ƙarar da kake ji ranar Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa, wadda ke sa dawakai zabura hayaƙi ya turnuƙe Ƙofar Kudu, ta irin waɗannan bindigogi ce, albarushi ne zalla ba dalma. Amma ko ita ba abin tsayawa a gabanta ba ce, wutar da ke fita daga bakin tana ƙona mutum.

Me ya sa wasu harsasai ke sa bindiga tsatsa?

Laifin ƙyastu ne. Na dā ana haɗa shi da wani sinadari da in ya ƙone yake barin gishiri a cikin bututu. Gishiri kuwa yana jan laima, ka tuna yadda na kicin ke jiƙewa a watan Agusta. Kwana ɗaya ko biyu sai tsatsa ta kama. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke yi, shi ya sa sojojin dā ke wanke bututu da ruwan zafi kafin su shafa mai. Kamfanin RWS na Jamus ya fito da marar gishiri a ƙarshen shekarun 1920, sojan Amurka kuma ya kammala komawa kansa a shekarun 1950. Duk na kasuwa da masu sake ɗuri ke saya yau marasa gishiri ne.

Sai dai wanda ya maye gurbinsa yana ɗauke da dalma, kuma hayaƙinsa da ƙurarsa guba ne. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Saboda haka ake yin marasa dalma yanzu don filayen harbi na cikin gini, kuma saboda haka bai kamata a bar yaro yana wasa da tsohon kwanso yana sa shi a baki yana busa ba.

Zafin Kano yana lalata harsashi? Ina da lasisin bindigar farauta, yaya zan adana nawa?

Zafi da laima su ne abokan gaba. A watan Afrilu inuwa ma tana haura digiri 40, balle cikin mota da aka rufe a rana ko ɗaki mai rufin kwano ba silin. Zafi yana tsufar da albarushi, kuma harsashin da ya gasu a rana matsinsa yana ƙaruwa lokacin harbi. Ajiye su a kwalinsu na asali, a wuri mai sanyi da bushewa, a kulle, nesa da bindigar, nesa da janareto da galan ɗin fetur, inda yara ba sa kaiwa. Kada mai ya taɓa gindin harsashi, yana iya kashe ƙyastun.

Wannan farantin mai ramuka ɗari da abokina ya nuna mini ma ba ado ba ne. In aka juye ƙyastu da yawa wuri ɗaya a kwalba, ɗaya ya tashi, duk sai su tashi tare.

Na ja kunama, na ji ƙas, bai tashi ba. Me zan yi?

Kada ka juyo da bakin bindigar ka leƙa, kada kuma ka yi saurin buɗewa. Wani lokaci wutar tana makara ne. Ci gaba da nuna bakin inda ba kowa, ka ƙirga aƙalla daƙiƙa 30, in bindigar toka ce ka ba ta minti guda ko fiye, sannan ka cire. In kuma ya tashi amma ƙarar ta fito a raunane, tsaya nan, wataƙila kan harsashin ya maƙale a bututu, harbi na biyu a kansa shi ke fasa bindiga.

To ba a iya haɗa ƙyastun a gida? Na ga wasu dabaru na yawo.

Wannan ba zan amsa ba, ko a nan ko a majalisa. Ko a masana'anta, a jiƙe ake sarrafa sinadarin, kaɗan-kaɗan, a bayan katanga, kuma duk da haka ana samun haɗari. Masu yaɗa dabarun ba sa nuna maka yatsunsu.

Yara sun tsinto harsashi a bola, ko ɗan gwangwan ya kawo shi cikin kayan ƙarfe. Yaya za a yi?

Dubi gindinsa ba tare da ka ƙwanƙwasa ba. In kwanson fanko ne, bakinsa a buɗe, ƙyastun kuma da tabon allura, an riga an harba shi. In kan yana nan, ɗauke shi a matsayin mai rai ko da akwai tabo, ko da ya yi tsatsa, don ƙyastu yana iya shekara hamsin bai mutu ba. Kada a buga shi da dutse, kada a jefa a wuta ko a tura shi cikin buhun da za a kai narkarwa, domin a wuta kwanson ne ke tarwatsewa ya yanki na kusa. Kada kuma ka jefa a aljihu ka ce za ka ajiye na tarihi, riƙe shi ba lasisi laifi ne. Kore yaran daga wurin, ka sanar da mai unguwa, ku je ofishin 'yan sanda mafi kusa tare. In abin ya fi harsashi girma, ko ba ka gane ko mene ne ba, kada ma a ɗaga shi daga inda yake, 'yan sanda suna da sashen kwance bama-bamai, su za su zo su ɗauka.